Tsutsar Ciki a Hanjin Kayoti, Dilan Amurka

1. Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tsutsar ciki. Ya san yaro mai kumburarren ciki da ake cewa macijin ciki ne ke damunsa, ya kuma san tsila da ake samu idan an ci naman da bai dahu sosai ba. Namun daji ma suna da nasu tsutsotsin, kuma wasu daga cikinsu suna iya barin daji su shigo har cikin gida.

Wannan takarda za ta yi bayani a kan tsutsotsin da ake samu a hanjin wata dabba ta Arewacin Amurka da ake kira kayoti. Za a ga cewa kusan kowace tsutsa da ke cikin hanjin kayoti ta shiga ne ta hanyar abin da ya ci, kuma tana fita ta hanyar kashinsa. Wanda ya fahimci wannan zagaye zai gane dalilin da ya sa wata ƴar ƙaramar tsila, wadda ba ta hana kayoti barci, ta zama abin damuwa ga likitocin Kanada tun daga shekara ta 2013.

2. Wace dabba ce kayoti?

Hausa ba ta da sunan wannan dabba, domin babu ita a Afirka. Kalmar kayoti ta fito ne daga harshen Nahuwatil na mutanen Meziko na asali, ta bi ta Sifaniyanci ta shiga sauran harsuna. Masana kuwa suna kiransa Canis latrans, wato kare mai haushi, sunan da Thomas Say ya ba shi a shekara ta 1823. Idan Bahaushe ya gan shi, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne dila, saboda tsinin baki da tsayayyun kunnuwa da wutsiya mai gashi. Shi ya sa a nan za a riƙa cewa kayoti ko dilan Amurka. Nauyinsa yakan kama daga kilo 9 zuwa kilo 20, kuma na gabashin nahiyar sun fi na yamma girma.

Akwai wasu dabbobi biyu danginsa da za a ambata. Na farko shi ne babban karen daji na ƙasashen sanyi, wanda marubutan Hausa suka ara wa sunan kyarkeci, ko da yake a asali kyarkeci sunan karen dajin Afirka ne. Na biyu ita ce yanyawa, musamman ja wadda ke cike da Turai da Asiya da Arewacin Amurka.

A da, mazaunin kayoti shi ne filayen ciyawa da hamadar tsakiya da yammacin nahiyar. Daga wajajen shekara ta 1900 ya fara bazuwa, bayan manoma da makiyaya sun kashe mafi yawan kyarketai, sun kuma sare dazuzzuka sun mai da su gonaki. Yau ana samunsa daga Alaska har Fanama, kuma a kowace jiha ta Amurka ban da Hawai. Ya shiga manyan birane kamar Shikago da Los Anjalis da Toronto, inda yake kwana a makabarta da filayen shaƙatawa da gefen layin dogo. Ba ya zaɓen abinci. Yana cin ɓeraye da zomaye da kwaɗi da ƙwari da ƴaƴan itatuwa da mushe. Wannan rashin zaɓe shi ya ba shi damar zama a ko'ina, kuma shi ne ya cika masa hanji da baƙi.

3. Ci-ma-zaune da zango da masauki

Kafin a ci gaba, ya kamata a daidaita wasu kalmomi guda uku. A maganar yau da kullum, ci-ma-zaune mutum ne da ba ya aiki sai dai ya rayu da gumin wani. Kalmar ta dace da halittar da ke zaune a jikin wata halitta tana cin abincinta ko tana shan jininta, kamar kaska a jikin saniya, ko kauci a kan itace. Tsutsar ciki ci-ma-zaune ce.

Tsutsotsi da yawa ba sa kammala rayuwarsu a jikin dabba ɗaya. Sukan fara a jikin wata, su ƙarasa a jikin wata. A nan za a ari kalmomin fatake. Dabbar da ƙaramar tsutsa ke yada zango a jikinta, ta jira ba tare da ta balaga ba, za a kira ta zango. Dabbar da tsutsa ke balaga a hanjinta har ta yi ƙwai, za a kira ta masauki. Ga yawancin tsutsotsin da za a ambata, kayoti masauki ne, dabbobin da yake farauta kuwa zango ne. Tsutsa ba ta da ƙafar da za ta taka daga zango zuwa masauki. Sai masauki ya cinye zango sannan tafiyarta ke cika.

4. Yadda masana ke bincike

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce tsintar kashin kayoti a kan hanyoyin da yake bi, a jiƙa shi da ruwan gishiri ko na sukari mai kauri har ƙwayayen tsutsa su taso sama, sannan a duba su da madubin likita. Wannan hanya ba ta buƙatar a kama dabba, amma tana da gibi. Ƙwan babbar tsila da na ƙaramar tsila kamarsu ɗaya a ido, sai an yi gwajin ƙwayoyin gado, wanda ake kira DNA, kafin a bambanta su.

Hanya ta biyu ita ce feɗe gawa. Masu bincike sukan karɓi gawawwakin da maharba da masu tarko suka kawo, ko waɗanda mota ta take. A cire hanji, a tsaga shi, a kankare, a tace da rariya, a ƙidaya tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya. Kafin a taɓa hanjin, sai an daskarar da shi na kwanaki a sanyin da ya kai digiri 80 ƙasa da sifiri, domin a kashe ƙwayayen da za su iya kama mai aikin. Firjin gida, wanda sanyinsa bai wuce digiri 18 ko 20 ƙasa da sifiri ba, ba ya kashe su.

5. Ire-iren baƙin da ke hanjin kayoti

Da wuya a feɗe babban kayoti a tarar da hanjinsa babu komai. Sau da yawa akan sami iri biyu ko uku ko fiye a hanji ɗaya, kuma kowane iri yana ba da labarin abin da dabbar ta ci.

Idan an ga tsilar da ake kira Taenia pisiformis, wadda tsawonta kan kai mita ɗaya ko fiye, to kayoti ya ci zomo, domin a cikin zomo ƙaramarta ke zango. Idan Taenia hydatigena ce, to ya ci kayan cikin barewa ko tunkiya. Idan aka ga ƴar shimfiɗaɗɗiyar tsutsa mai suna Alaria, to ya bi bakin tafki. Ita wannan takan fara a jikin dodon koɗi, ta koma ƴaƴan kwaɗi, daga nan ta shiga duk abin da ya ci kwaɗo. A kogunan jihohin Oregon da Washinton da arewacin Kalifoniya akwai wata ƙaramar tsutsa da ke zango a jikin kifi. Ita kanta ba ta da wata ɓarna mai yawa, amma tana ɗauke da ƙwayar cuta da ke sa zazzaɓi da gudawa, wadda ke kashe mafi yawan karnukan da ba a yi wa magani ba, kuma tana kama kayoti.

Akwai kuma macijin ciki na dangin kare iri biyu, Toxascaris leonina da Toxocara canis. Ƙwayayensu sukan nuna a cikin ƙasa, dabba ta haɗiye su kai tsaye ko ta hanyar ɓera. Na biyun yana iya kama yaron da ke wasa da ƙasa yana kai hannu baki, ƙananan tsutsotsin su yi ta yawo a jikinsa, wani lokaci har su kai ido.

Wadda ta fi cutar da kayoti kansa ita ce tsutsa mai ƙugiya, wadda ke maƙalewa a bangon hanji tana shan jini. A yankunan zafi na kudu an fi samun Ancylostoma caninum, a yankunan sanyi na arewa kuwa Uncinaria stenocephala. Binciken da Danny Pence da abokan aikinsa suka yi a kan kayotin kudancin Tekzas a shekarun 1980 ya nuna cewa ta farkon tana bi ta nonon uwa ta shiga jikin ƴaƴa. Babban kayoti yana jure mata, amma jariri mai makonni kaɗan jininsa bai kai ya raba da baƙi ba. Idan sun yi masa yawa sai ya rame, dasashinsa ya yi fari, ya mutu.

Bayan tsutsotsi akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, kamar Giardia mai sa gudawa. A shekara ta 2004 masu bincike a Amurka suka tabbatar cewa kayoti masauki ne ga wata mai suna Neospora caninum, wadda ke sa shanu ɓari. Idan kayoti ko kare ya ci mahaifa ko ɗan maraƙin da aka ɓarar, sai ya zubar da ƙwayoyin cutar a makiyaya, wasu shanun su kwasa a ciyawa ko a ruwa.

6. Ƙaramar tsila mai babbar ɓarna

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A cikin duk baƙin da aka lissafa, wadda ta fi haɗari ga mutum ita ce mafi ƙanƙanta a cikin tsiloli. Sunanta na masana Echinococcus multilocularis. A Turai ana kiranta tsilar yanyawa, domin a can yanyawa ce babban masaukinta, kuma da wannan suna za a ci gaba da kiranta. Tsawonta bai kai milimita 5 ba, wato ko ƙwayar shinkafa ta fi ta. Kayoti ɗaya yana iya ɗaukar dubbanta a hanji yana yawonsa lafiya ƙalau, ba tare da wata alama ba.

Ga yadda zagayenta yake. Balagaggiyar tsila tana sakin gaɓarta ta ƙarshe mai cike da ƙwai, gaɓar ta fita tare da kashi. Ruwan sama da iska da ƙafafun dabbobi su watsa ƙwayayen a kan ciyawa da ƙasa. Ƙananan ɓerayen daji, waɗanda a wasu sassan ƙasar Hausa za a kira kusa, su haɗiye su wajen kiwo. Ƙwan ya fashe a hanjin ɓera, ɗan tsutsar ya huda bangon hanji, jini ya kai shi hanta. A can sai ya zama wani tsiro mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, kuma cikin ƴan watanni tsiron ya cika da kawunan sababbin tsiloli. Ɓeran da hantarsa ta lalace ba ya da gudu, saboda haka shi kayoti zai fi saurin kamawa. Da ya cinye shi, kowane kai sai ya maƙale a hanji ya zama tsila, kuma bayan kamar wata ɗaya sababbin ƙwayaye su fara fita.

Ƙwan yana da juriya ƙwarai. A wuri mai sanyi da danshi yana iya yin watanni, har shekara, yana jira. Ƙanƙara ba ta kashe shi, haka ma yawancin magungunan wanke-wanke. Abin da ba ya jurewa shi ne zafi da bushewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa tsilar yanyawa ta tsaya a ƙasashen arewacin duniya masu sanyi.

Mutum yana shiga wannan zagaye ne bisa kuskure, idan ya haɗiye ƙwan, sai ya tsaya a matsayin ɓera. Ƙwan kan zo a kan ganye ko ƴaƴan itacen da ba a wanke ba, ko a hannun da ya taɓa ƙasa, ko a gashin karen da ya yi birgima a kan kashin kayoti, ko a fatar dabbar da maharbi ke feɗewa. Tsiron yana girma a hantar mutum sannu a hankali, shekara 5 zuwa 15, ba tare da ciwo ba. Ba shi da iyaka ko bango, yana ratsa hanta ne kamar saiwar itace, har yakan tsallaka zuwa huhu ko ƙwaƙwalwa. Sa'ad da alamu suka bayyana, wato ciwo a saman ciki ta dama da shawara da rama da kasala, sau da yawa likita yakan ɗauka ciwon daji ne. Likitocin da ma haka suka ɗauka, har sai da Rudolf Virchow na Jamus ya nuna a shekara ta 1855 cewa tsiron na tsutsa ne. Idan ba a yi magani ba, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar suna mutuwa cikin shekara 10 zuwa 15. Idan an gano ta da wuri, ana yanke ɓangaren hantar da ya kamu, a bi da maganin albendazol na aƙalla shekara biyu. Idan ta wuce yanka, mai ita yakan sha maganin har ƙarshen rayuwarsa, domin maganin yana hana tsiron girma ne, ba kasafai yake kashe shi ba. Cutar ba ta tashi daga mutum zuwa mutum.

7. Abin da aka gano a Kanada

Wani lissafi da aka buga a shekara ta 2010 ya nuna cewa kimanin mutum 18,000 ke kamuwa da wannan cuta kowace shekara a duniya, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 nasu a ƙasar Sin suke. A Arewacin Amurka, wurin da aka san ta da kama mutane shi ne yammacin Alaska, musamman tsibirin St. Lawrence, inda Robert Rausch ya yi bincike tun daga shekarun 1950. A can karnukan ƙauye ne ke cin ɓeraye suna kawo ƙwan bakin ƙofa. A sauran nahiyar kuwa, tsilar tana nan a jikin yanyawa da kayoti a filayen tsakiya, amma a ƙarni na 20 gaba ɗaya mutum biyu kawai aka rubuta sun kamu a can: ɗaya a Manitoba a 1928, ɗaya a Minesota a 1977.

A shekara ta 2009 aka sami wani kare a lardin Biritish Kolambiya da tsiron a hantarsa, alhali bai taɓa fita daga yankin ba. Gwajin DNA ya nuna cewa tsilar irin ta Turai ce, wadda ta bambanta da irin da aka saba gani a nahiyar. A 2012 masu bincike na Jami'ar Kalgari suka buga sakamakon feɗe kayoti 91 daga biranen Kalgari da Edmonton na lardin Albata. Sun sami tsilar a cikin 23, wato ɗaya cikin huɗu. A kudancin lardin Ontariyo, wanda a da ake ganin babu ita, masu bincike na Jami'ar Guelph sun gwada kayoti da yanyawa 460 tsakanin 2015 da 2017, suka same ta a kashi 23 cikin 100.

Daga nan sai ta bayyana a asibiti. An gano mutum na farko a Albata a 2013, kuma zuwa 2020 adadin ya kai 17. Mafi yawansu suna da karnuka, wasu kuma garkuwar jikinsu ta yi rauni saboda wata cuta ko wani magani. Kusan rabinsu an gano cutar ne sa'ad da ake ɗaukar hoton cikinsu domin wata matsala dabam. A 2019 Alessandro Massolo da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa irin na Turai ne aka samu a jikin marasa lafiyar da aka gwada. Masana da yawa suna ganin ya shigo nahiyar ne a hanjin karnukan da aka kawo daga Turai ba a ba su maganin tsila ba, ko a jikin yanyawar da aka shigo da su domin farauta. Mutum 17 kaɗan ne a lardi mai mutane fiye da miliyan 4, cutar kuma har yanzu ba kasafai ake ganinta ba. Amma tun da takan yi shekaru a ɓoye, waɗanda ake gani a asibiti sun kamu ne shekaru da dama kafin ranar da aka gano su. Tun 2018 doka ta wajabta wa likitocin Ontariyo su kai rahoton duk wanda suka samu da ita.

8. Me ya sa birni ya fi damun masana?

A daji, kayoti da ɓera suna zagayensu nesa da mutane. A birni kuwa, filin da kayoti ke farauta da dare shi ne filin da yara ke wasa da rana, kuma nan ne masu karnuka ke sakin karnukansu. Binciken da Stanley Gehrt ya fara a Shikago a shekara ta 2000 ya nuna cewa ko a tsakiyar birni abincin kayoti mafi yawa ɓeraye ne da zomaye. Ke nan shigarsa birni ba ta raba shi da zangon tsilar ba. A Edmonton, aikin da Colleen St. Clair ke jagoranta tun 2009 ya nuna cewa tarin takin da mutane ke haɗawa da ragowar abinci yana jawo kayoti. Irin wannan tari yana jawo ɓeraye ma, sai ya zama mahaɗar zango da masauki a bayan gidajen mutane, kusa da lambunan da suke shuka ganye.

Kare shi ne gadar da ta fi kusa. Idan ya ci ɓera mai cutar, sai ya zama masauki kamar kayoti, yana zubar da ƙwai a tsakar gida, mai shi bai sani ba. Idan kuma kashin kayoti ya ci, ya haɗiye ƙwai masu yawa, tsiron kan fito a hantarsa, kamar yadda ya faru da karen Biritish Kolambiya.

9. Hanyoyin rigakafi

Abin da mutane kan fara tunani shi ne a kashe kayotin. Hukumomin Amurka sun fi shekara 100 suna kashe shi da guba da tarko da bindiga, har yanzu kuma ana kashe dubun-dubata kowace shekara, amma yankinsa ƙaruwa ya yi. Inda aka kashe wasu, sai na maƙwabta su cike gurbin. An gwada wannan hanya a kan yanyawa a kewayen birnin Nansi na Faransa. Bayan shekara huɗu ana harbi, yawan masu ɗauke da tsilar a yankin ya tashi daga kashi 40 zuwa kashi 55 cikin 100, kamar yadda aka buga a 2017. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne, ƙananan yanyawa ne ke kwararowa su cike gurbin, kuma su suka fi manya ɗaukar tsila.

Hanyar da ta fi aiki ita ce magani. Maganin firazikwantel yana kashe balagaggiyar tsila a hanji. A kudancin Jamus da birnin Zurik na Suwizalan da tsibirin Hokkaido na Japan, an riƙa watsa loma mai ɗauke da maganin domin yanyawa su ci, kuma cutar ta ragu sosai. Sai dai da an daina watsawa takan dawo, domin tana nan a jikin ɓeraye. A tsibirin St. Lawrence, an ba karnukan wani ƙauye maganin kowane wata har shekara 10, kuma yawan ɓerayen ƙauyen masu cutar ya faɗi ƙwarai.

Saboda haka shawarar da likitocin mutane da na dabbobi ke ba mazauna waɗannan yankuna ba ta da wuya. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ƙasa ko kare, kuma kafin a ci abinci. A wanke ganye da ƴaƴan itace sosai, ko a dafa su, domin zafin da ya wuce digiri 60 yana kashe ƙwan. A hana kare cin ɓera da kashin namun daji, wanda kuma ke farautar ɓera a ba shi firazikwantel kowane wata, wato kafin sabuwar tsila ta kai ga yin ƙwai. A kwashe kashin kare. A rufe taki da shara. Maharbi ya sa safar hannu idan zai feɗe kayoti.

10. Ƴar'uwarta a ƙasashenmu

Ba a san tsilar yanyawa a Afirka ta kudu da Sahara ba, amma ƴar'uwarta ta jini tana nan, wato dangin Echinococcus granulosus. Masaukinta kare ne, zangonta kuwa tumaki da awaki da shanu da raƙuma. Mahauta sun san alamarta: wata jaka mai cike da ruwa a cikin hanta ko huhun dabbar da aka yanka, musamman tsohon raƙumi. Idan aka yanke wurin aka jefa wa kare, an ba shi dubban kawunan tsila ke nan. Mutum ba ya kamuwa ta cin wannan nama. Ta ƙwan da ke fita a kashin kare yake kamuwa, sai irin jakar ta tsiro a hantarsa ko huhunsa. An daɗe da sanin cutar a wuraren makiyaya, kamar yankin Turkana na Kenya da sassan Sudan, kuma likitocin dabbobi suna ganin jakar a mayankan garuruwan Sahel.

Akwai babban bambanci tsakanin zagayen biyu. Na kayoti da ɓera a daji yake, ba a hannun kowa ba. Na kare da tunkiya kuwa yana bi ta hannun mai wuƙa. Ƙasashen Aisland da Niyu Zilan sun kawar da cutar ta hanyar hana ba karnuka ɗanyen kayan ciki, da sa ido a kan yanka, da kula da karnuka. Duk wanda ya yanka dabba, a mayanka ko a gida lokacin layya ko suna, ya ga jakar ruwa a hanta ko huhu, abin da ya dace shi ne ya ƙone wurin ko ya binne shi da zurfi inda kare ba zai tone ba.

11. Kammalawa

An ga cewa hanjin kayoti yana ɗauke da tsutsotsi iri-iri, kuma mafi yawansu sun shiga ne ta hanyar zomo ko ɓera ko kwaɗo ko mushen da ya ci. Babban kayoti yana rayuwa da su, jariransa ne tsutsa mai ƙugiya ke kashewa. Ga mutum kuwa, mafi haɗari ita ce tsilar yanyawa, wadda bincike ya same ta a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kayotin da aka gwada a Albata da kudancin Ontariyo. Ba za a iya raba kayoti da ɓera ba, kuma kashe shi bai rage shi ba. Abin da ya rage a hannun mutum shi ne taki na ƙarshe na tafiyar ƙwan, wato daga ƙasa ko gashin kare zuwa baki, kuma sabulu da wuta da maganin tsila na kare sun isa su tare wannan hanya.